Guduma Biyu

A ƙofar gidanmu da ke Katuru, a ƙarƙashin dogonyaron da kakana ya shuka, akwai wata mota da ta shafe shekara uku da 'yan watanni ba ta motsa daga inda aka ajiye ta ba. Peugeot 504 ce, wadda bakinmu ya mayar Fijo, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake kira a-kori-kura. Fara ce tun asali, amma damina huɗu da hunturu uku sun rina ta har ta koma launin bangon gidan. Kaji sun mayar da ƙarƙashin kujerarta akurki, awaki sun mayar da bayanta wurin hutu, tayarta ta gaba ta hannun dama kuwa ta karkace ciki kamar ƙafar da ta karye aka bar ta ba ɗori. Kowa a gidan yana wucewa ta gefenta safe da yamma, amma babu mai ambatonta.

Baba ya saye ta a hannun wani ɗan kasuwa a Gusau a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, kuma ko a lokacin ba sabuwa ba ce. Yakan yi alfahari da cewa haɗin Kaduna ce. A Faransa aka fara ƙera wannan samfuri a 1968, daga 1975 kuma aka fara haɗa motocin Peugeot a masana'antar da ke Kakuri a Kaduna, aka ci gaba da fitar da 504 a can har cikin shekarun 2000, bayan Turawan da suka ƙago ta sun daɗe da daina yayinta. Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya san hanyoyinmu: mota ce mai jure gargada, wadda bakanike zai kwance ta a gindin bishiya ya kuma mayar da ita. Kakana da jakai ya yi safarar gyaɗa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929. Baba ya gaji hanyar, abin hawa kawai ya sauya. Kowace Alhamis yakan loda gero da wake da albasa da masu su zuwa kasuwar Shinkafi, sauran ranaku kuma ya nufi Ƙaura ko Zurmi. Daga bayan wannan mota aka biya kuɗin makarantata tun daga firamare har Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda na karanta ilimin fiziks.

A watan Agusta na 2021, yana dawowa daga Ƙaura da la'asar, 'yan bindiga suka tare hanya. Ya yi ƙoƙarin kaucewa, tayar dama ta faɗa wani kwazazzabo da ruwa ya ci a gefen titi, motar ta tsaya cak. Suka kora shi daji tare da fasinjoji huɗu da yaron motarsa, wani matashi da bai kai ni shekaru ba. Washegari mutanen gari suka je da shanun huɗa suka jawo motar zuwa gida. An sayar da gonarmu ta fadama da bijimai biyu, an ci bashin sauran a wajen dangi. Ana cikin wannan fafutuka, a farkon Satumba, aka katse layukan wayar salula a faɗin jihar, kasuwannin mako-mako kuma suna rufe bisa umarnin gwamnati. Ina Sakkwato da waya a hannu, tana da sabis, amma babu wanda zan kira. Sai da wani ɗan garinmu ya zo da ƙafarsa har makaranta na ji cewa Baba ya dawo bayan kwana talatin da huɗu. Yaron motar bai dawo ba.

Mutumin da na tarar a gida jikinsa ya warke cikin 'yan watanni, amma bakinsa ya mutu. Yana zuwa masallaci, yana amsa gaisuwa, yana cin abin da aka ba shi. Sauran yinin kuwa yana zaune a kan tabarma a bakin zaure, ya ba motar baya. Ni ɗan fari ne, kuma a wajenmu tsakanin ɗan fari da mahaifansa akwai kunyar da ba ta barin doguwar hira. Ko sunana Baba bai taɓa kira ba, sai dai ya ce "kai". Duk da haka, a kowane hutu nakan zo masa da shawara. Na ce mu koma Gusau. Na ce mu je ya ga likita. Na ce ya faɗa mini abin da ya faru a daji, domin na karanta cewa faɗar damuwa tana rage nauyinta. Yakan saurare ni har in gama, ya ce, "To, Allah shi sa albarka." Duk lokacin da na matsa, sai shirun nasa ya ƙara tauri.

Na dawo daga hidimar ƙasa a ƙarshen 2024, da takarda a jaka, babu aiki. Makona biyu a gida wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa bodinta, ya yi tayi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma za su rage bashin da ke wuyanmu, ga kuma bikin ƙanwata yana matsowa. Inna ta ce a sayar. Baba bai ce komai ba. Ni kuwa da na ga mutumin yana auna motar da ido kamar mahauci a gaban sa, sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na roƙi a ba ni wata ɗaya. Idan ta tashi, in yi jigila da ita. Idan ta ƙi, a kira shi ya zo da gudumarsa.

Injin bai wahalar da ni ba. Da taimakon wani mai gyaran babur muka zubar da tsohon fetur da ya yi tsami, muka wanke kaburato, muka sauya fulogi da baƙin mai, muka aro batir. A kwana na biyar ta yi tari sau uku, ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe unguwa, yara suka yi ta tsalle. Na waiwaya bakin zaure. Baba bai juyo ba. Na ce a raina, ai an ci rabin aiki, saura ƙafa.

Ƙafar gaba ta Fijo ba ta da sarƙaƙiya a ido. Akwai shokasoba a tsaye, sifirin ya naɗe ta. A ƙasanta akwai hannun ƙarfe da ya fito daga jikin motar, mahaɗarsu kuma wata gaɓa ce mai dunƙulen ƙarfe a ciki, kamar gaɓar ƙugun mutum, wadda makanikai ke kira boljon. Daga sitiyari kuma wata sanda ta miƙo, tayirod, mai irin wannan gaɓa ƙarama a bakinta, ita ce ke juya taya dama da hagu. Kowace gaɓa tana da wuya mai tsini kamar turke, siriri a sama, mai kauri a gindi, wanda ke shiga cikin rami mai irin siffarsa, a ɗaure shi da noti. Da na ɗaga motar da jak, na tokare ta da tsohon turmin Inna, na cire taya, sai na ga robobin da ke rufe gaɓoɓin sun yage tuntuni. Yashi ya shiga, giris ya bushe, tsatsa ta haɗe noti da wuya da rami suka zama abu guda.

Na san abin da ke faruwa a wurin, ko kuwa in ce na san sunansa. Ƙarfe idan ya haɗu da iska da danshi yakan zama tsatsa, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki biyu ko fiye, saboda haka takan cika duk wata 'yar kafa da ke tsakanin zaren noti ta matse shi. Na kuma san cewa ƙarfin murɗawa yana ƙaruwa gwargwadon tsawon abin da aka murɗa da shi. Don haka na zura bututun famfo a jikin sifana, na hau da dukan nauyina. Notin tayirod ya yi ƙara ya kwance, na ji kaina ya kumbura. Amma wuyan ya ƙi fita daga raminsa. Na ɗauko guduma na shiga dukansa a ka, tun hantsi har azahar. Bai gusa ko da kaurin gashi ba, sai ma kansa da ya baje kamar kan tsohuwar ƙusa, ya fi ramin da zai bi faɗi. Na bar shi na koma kan notin boljon. Sifanar da nake da ita ta ɗan fi shi girma, na ce ba komai. A murɗa ta uku ta zame, ta share kusurwoyin notin, ta haɗa yatsuna da ƙarfe. Na zauna a ƙasa ina tsotsar jini, na dubi abin da na yi: da safe matsala ɗaya gare ni, tsatsa, ga shi kafin la'asar na ƙara biyu da hannuna.

Da dare na yi ta kallon bidiyo a waya. Na ga mutane a Amurka waɗanda ke ɗauko tsofaffin motocin Ford ƙirar 1932 su sa musu manyan injuna don sha'awa, suna fama da irin wannan gaɓa da ta ƙi fita, kowa da na'urarsa ta musamman a rataye a bango. Su gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ke cinye musu ƙarfe, mu kuma yashi da ruwan damina da zama wuri ɗaya. Ƙarfen ɗaya ne, taurin kansa ɗaya. Sai dai su idan abin ya ƙi, rufe gareji za su yi su shiga gida sai wani makon. Ni kwana goma sha tara suka rage mini.

Inna ce ta aika wa Kawu. Ba ɗan'uwanta ba ne na jini, abokin Baba ne tun suna samari, tsohon bakanike a Shinkafi wanda ya fi shekara ashirin yana duba wannan mota. Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a bayan babur, da wata jakar buhu mai ƙarar ƙarafa. Ya gaisa da Baba gaisuwa mai tsawo, bai ce masa komai game da mota ba. Sannan ya tsuguna a gaban ƙafar, ya daɗe yana kallo, ya shafa kan wuyan da na baje da babban yatsansa.

"Wa ya bugi wanga ƙarfe bisa kai?"

Na ce, "Ni ne, Kawu."

"Malam mai digiri," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Abin da ya shekara uku shina kamawa, kai kaka so shi saki tsakanin hantsi da azahar?"

Ya sa na kankare tsatsar waje da burushin waya har zaren ya bayyana. Ya haɗa kalanzir da man birki a gwangwanin madara, ya ɗiga a kan kowane noti da kowane wuya, ya naɗe su da tsumma ya jiƙa, ya gargaɗe ni kada man birkin ya taɓa fenti domin yana cin sa. Ya nuna mini notin da ke can saman shokasoba ya ce ko da wasa kada in taɓa shi, domin sifirin ɗin da ke ƙarƙashinsa a matse yake, idan ya kuɓuce yana iya fasa kan mutum. Ya duba turmin da na tokare motar da shi, ya ƙara wani kututture a gefe, ya ce ba a shiga ƙarƙashin mota da amanar jak. Daga nan ya karkaɗe rigarsa.

"Safe da marece ka ɗiga mishi, ka ɗan ƙwanƙwasa gefe kaɗan, kamar mai sallama. Bari shi sha. Ina dawowa Litinin."

Kwana ukun nan sun fi mini ranar gudumar wuya, domin babu abin yi sai jira. A dare na biyu ina tsugune da tocila ina ɗiga mai, Inna ta fito ta tsaya a bayana. Ta ce tana da magana. Ta ce ba don kuɗi ta so a sayar da motar ba, bashi ai ana biyansa ko da cokali-cokali ne. Ta ce ita lissafinta ɗaya ne: ranar da motar nan ta tashi, wani zai shiga ya kama waccan hanya, kuma ta san ko wane ne. "Na yi jiran kwana talatin da huɗu sau ɗaya," in ji ta. "Ba ni da ƙarfin na biyu." Na ce to don me ta aika wa Kawu. Ta yi shiru, sannan ta ce tun ranar da injin ya tashi Baba ya daina juyi da dare, ta ji shi yana barci. Ta koma ciki ta bar ni da gwangwani a hannu. A daren na fahimci cewa duk yadda aikin ya ƙare, akwai wanda zai biya a gidan, kuma ban tambayi kowa ba kafin in fara.

Ranar Litinin Kawu ya dawo, ya sa aka kira mai waldar garinmu ya turo tukunyar kabaid a baro. Kafin a kunna wuta ya sa na cire tsumman man, na goge wurin tas, na naɗe tiyon birki da jiƙaƙƙen buhu, na ajiye bokitin yashi kusa. Ya ce wa mai walda ya sa harshen wutar a kan noti kaɗai, kada ya kai ga dunƙulen gaɓar, domin ragowar giris da ke kulle a ciki idan ya tafasa yana iya harbo ta. Nan karatuna ya yi mini rana sau ɗaya. Na san cewa sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya takan ƙaru da milimita ɗaya da ɗan wani abu idan zafinta ya hau da digiri 100, don haka notin da ya riga wuyan ɗaukar zafi zai buɗe kaɗan ya farfasa tsatsar da ke cikinsa. Na faɗa wa Kawu haka. Ya ce, "Madalla. Mu dai cewa muka yi wuta tana sa shi hamma." Ya ɗauko wata sifana da ta ɗan gaza notin, ya buga ta a kansa da guduma har ta zauna daram a kan kusurwoyin da na share. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ɗaurewa ya fara yi. Ya ƙara matse notin kaɗan har ya yi 'yar ƙara, sannan ya dawo baya, ya sake gaba, ya sake baya, yana ɗiga mai, kowane zuwa yana ɗan fin na baya nisa. Kafin shayin da Inna ta aiko ya huce, notin yana tafin hannunsa.

Saura wuyan biyu da ke maƙale a ramukansu. Kawu ya ba ni magagari na goge kan da na baje har ya koma daidai ramin. Sannan ya zazzage jakarsa ya fito da guduma biyu, babba da ƙarama. Ya ce ba a bugun wuya, ramin da ya riƙe shi ake bugu, daga gefe. Za a jingina babbar guduma a bayan ƙarfen da ramin ke ciki, a buga ɗaya gefen da ƙaramar. Idan babu ta bayan, bugun zai bi ƙarfen ya watse a jikin mota, a yini ana wahalar banza. Idan tana nan, ramin zai matsu tsakanin su biyu na ƙiftawar ido, ya tofo wuyan waje, kamar yadda yaro ke matsa ƙwallon mangwaro tsakanin yatsu ya fice. "Ƙarfe ɗaya ba ya amo," in ji shi. Shi zai danna hannun ƙarfen da doguwar sanda, ni zan buga. Mai walda ya riga ya tafi. Babu mai riƙe ta bayan.

Na buɗe baki zan kira wani yaro, Kawu ya harare ni. Bai juya ba, bai sauya murya ba, ya yi magana kamar yadda na tabbata ya yi sau ɗari a garejinsa:

"Direba, taho riƙa man nan."

Na ji ƙarar tabarma. Ban yarda na ɗaga kai ba, sai ƙafafunsa na gani sun zagayo ta gaban motar. Ya naɗe hannun rigarsa, ya tsuguna, ya karɓi babbar gudumar ya jingina ta daidai inda ya kamata ba tare da an nuna masa ba. Tsakanin yatsunsa da inda zan buga bai kai faɗin tafin hannu ba. Na ɗaga guduma, hannuna yana rawa, na buga a tsorace, ta zame.

"Kai," in ji Baba. "Bar kallon hannuna. Dubi inda za ka bugu."

Na buga na biyu, na uku. A na huɗu sai na ji sautin ya sauya, wani ɗan ƙaramin "ƙas" kamar an karya busasshen kara, wuyan tayirod ya faɗo yana lilo. Na boljon ya ci bugu bakwai. Bayan duk wahalar da na sha, abin ya ƙare ba tare da wata hayaniya ba, har na ji kamar an cuce ni.

Ragowar boljon ɗin a murɗe yake a gindin shokasoba, kuma Kawu yana da wani makulli da ya ƙera da kansa daga guntun bututu, mai haƙora a baki, wanda ya fitar da shi. Da muka shimfiɗa kayan a kan buhu, sai ga sandar tayirod a lanƙwashe kamar baka. Baba ya ɗauke ta ya daɗe yana juyawa. Sannan, yana kallon ƙarfen, ya fara magana. Ya ce ya hango su tun daga nesa, kuma da ya taka birki a lokacin da ya sami damar juyawa, amma ya yi tsammanin zai iya wucewa ta gefe. Ya ce yaron ne ya fara ganin ramin, ya yi ihu. Ya ambaci sunan yaron, karo na farko cikin shekara uku. Ya ce a daji zazzaɓi ya kama shi a kwana na ashirin, shi ya yi masa salla da taimama, shi da wani fasinja suka haƙa masa da itace. Bai fi minti biyar yana magana ba. Ni da Kawu babu wanda ya ce uffan. Kawu ya ci gaba da goge wani noti da ya riga ya goge. Da Baba ya gama, ya ajiye sandar ya ce a nemo wata, wannan ba ta miƙuwa.

Na sha tunanin wannan yini. Shekara uku ina zuwa wa Baba da guduma ɗaya, ina bugu a ka, ina mamakin yadda yake ƙara shigewa ciki. Niyyata ba ta da laifi, kuma har yau ina ganin ganin likita zai amfane shi. Amma ban taɓa tambayar kaina abin da shekarun suka cika a tsakani ba, ban kuma taɓa kawo masa wani abu da yake buƙatar hannunsa ba, sai abubuwan da za a yi masa. Kawu bai tambaye shi komai ba. Aiki ya ba shi, aikin da ba ya son magana, sai tsayawa daram a bayan abin da ake bugu. Ko da gangan ya bari mai walda ya tafi, ban tambaye shi ba, na kuma san ba zai faɗa ba.

Kayan sun iso bayan kwana shida daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ta hannun wani direba. Wajen mayarwa Baba ne ya karɓi ragama. Ya sa na shafa giris a zaren kowane noti, amma ya hana ni shafawa a jikin wuyan, ya ce shi a bushe yake kamawa. Ya ƙirga zagayen da tsohon kan tayirod ya yi kafin ya fita, ya mayar da sabon da wannan adadi, sannan ya ɗaure zare daga tayar baya zuwa ta gaba ya daidaita su da ido. Mai sayen ƙarafa ya dawo ranar da wata ya cika, ya tarar da motar a kan ƙafafunta huɗu, ya yi mana barka ya wuce.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Hanyar Ƙaura tana nan yadda take, gonar fadama tana hannun wanda ya saya, bashi bai ƙare ba. Yarjejeniyar da muka yi da Inna ita ce ba na nisa: ina kwaso amfanin gona daga gonakin da ke kusa da gari, ina ɗaukar bulo da yashi, ranar Alhamis kuma in bi ayarin motoci zuwa Shinkafi da rana tsaka in dawo kafin la'asar. Duk ranar Alhamis ba ta cin abinci sai ta ji ƙarar injin a ƙofar gida. Na san wannan, kuma ina ɗauke da shi duk inda na je.

Ranar da muka fara gwada motar, Baba ya ƙi karɓar makulli, amma ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna. Muka bi hanyar bayan gari a giya ta biyu, ya sauke gilashi ya karkata kunnensa waje. Da muka hau wata 'yar gargada ya ɗaga hannu na tsaya, ya ce in koma baya in sake bi. Na sake bi.

"Dama ta yi," ya ce. "Amma akwai magana ga hagu. Ita ma sai mun kwance."

Na ce, "To Baba, gobe da safe sai in fara."

Ya girgiza kai. "Ɗiga mata mai yau. Mu ba ta kwana uku."